Arduino yana sake tashi duk lokacin da famfo ya kama aiki

Mai Lambu: Assalamu alaikum. Ina haɗa na'urar ban ruwa ga ɗan lambun da ke bayan gidanmu, da Arduino Uno (ƙaramin allon kwamfuta da ake rubuta wa shiri don ya sarrafa na'urori), da na'urar auna damshin ƙasa, da ƙaramin famfo mai volt 12, kuma batirin sola ɗaya ne yake ciyar da su duka. Na jona rilay (makunnin da wutar lantarki ke buɗewa da rufewa, shi ke kunna famfon) mai volt 5 kai tsaye a ƙafa ta 7 ta allon. Da zarar famfon ya tashi sai allon ya ɗauke ya sake kunna kansa, rilay ɗin kuma ya yi ta ƙas-ƙas. Shin laifin shirin da na rubuta ne, ko na wayoyin?

Tsohon Mai Gyaran Rediyo: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka bar shirin tukuna. Ƙafar ATmega328P, wato ƙwaƙwalwar da ke kan Uno, an so ta ba da miliamp 20, iyakarta 40, alhali naɗin wayar irin wannan rilay yana jan kusan 70, saboda haka kana wahalar da ita, kuma wata rana za ta ƙone. Ka sa tiransisto 2N2222 (ɗan makunnin da ƙaramar wuta ke sarrafa babba da shi) a tsakani, da rasisto (mai rage wuta) mai om 1,000 daga ƙafa ta 7 zuwa ƙafarsa ta tsakiya. Sannan ka gitta diyod 1N4007 (mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai) a kan naɗin, gefen mai zobe yana duban tabbatacciyar wuta (+), domin idan aka yanke wa naɗi wuta yakan mayar da ita da ƙarfi, diyod ɗin ne yake shanye ta.

Ɗalibar Injiniya: Abin da Baba ya faɗa haka yake, amma ɗaukewar allon ina zargin famfon ne, domin inji yana jan wuta mai yawa a daidai lokacin tashi, ƙarfin batirin ya faɗi. Ka ja wa famfon wayarsa mai kauri daga bakin batir, da fis da diyod nasa, ka ciyar da allon ta LM2596 (na'urar rage volt) da kafasito (mai ɗan ajiye wuta) mai maikurofarad 470. Ka daidaita volt ɗin LM2596 da mita kafin ka jona.

Mai Lambu: Na gode, Allah ya ƙara basira. Ke nan in raba wayar GND ɗinsu ma, wato wayar gefen (−) ta famfon da ta allon?

Ɗalibar Injiniya: A'a, Malam. Ka haɗe su a wuri ɗaya, a ƙafar batir mai alamar (−), kada wutar famfon ta ratsa ta siririyar wayar allon.