Na ajiye alli: in koma ƙauye ko in zauna Garwa?

Tsohon Malami: Salama gare ku 'yan'uwa. Shekarata 68, uwargida ta koma wurin Ubangiji bara. Ikilisiyar ƙauyenmu, kusa da Mokolo a arewacin Kamaru, ba ta da mai koyar da masu shirin baftisma, sun aiko in je. 'Ya'yana sun ce ba inda za ni. Ga kuma yana ta fara rufe mini idon hagu. Wanda ya taɓa komawa gida da furfura, yaya ya iske abin?

Ɗan Marwa: Baba, sayi tabarau, jaka biyu ne a kasuwa.

Mama Zumunta: Yana aka ce, ɗana, aiki ake yi mata. Ni jaka talatin na biya a Ngaundere, yanzu da kaina nake karanta Zabura.

Kawun Kuseri: Talatin? Mu saba'in muka ba da, ban da magani da kuɗin mota.

Mai Ƙararrawa: Malam, kada daɗin baki ya ɗauke ka. Shekara 31 ina kaɗa ƙararrawa, ina share majami'a kafin gari ya waye. Da sabon kwamiti ya sayo lasifika, yaro aka turo ya karɓi makulli a hannuna. Ko zaunar da ni ba a yi ba. Na kwanta wata uku da ciwon ƙafa, tsofaffin mata biyu ne kaɗai suka leƙo. Amma ranar baikon godiya, nan ake tuna akwai "dattijonmu".

Matashin Bishara: Baba, a yi haƙuri. Kalibu yana da shekara 85 ya roƙi ƙasar tuddai, duba Joshuwa 14.

Ɗan Marwa: To ga duwatsun Mandara suna jiran Malam, sai dai a tambayi gwiwa tukuna!

Kawun Kuseri: Kai mai wa'azi, furfura nawa gare ka? Bari waɗanda suka ga jiya su yi magana.

Matashin Bishara: Kawu, ai ayar ta girme mu duka.

Mama Zumunta: Mai Ƙararrawa, zuciyata ta sosu. Ni ma an sauke ni daga shugabancin mata, na yi wata guda ina fushi. Yanzu ran Alhamis amare ke cika mini tsakar gida, muna ɓarar gyaɗa ina koya musu waƙa da addu'a. Daɗin da nake ji ya fi na lokacin muƙami. Hannatu ta Luka 2 ma ba kujera aka ba ta a Haikali ba.

Mai Ƙararrawa: Waƙa kika ce? Wace waƙa ta rage? Jita da ganguna sun cinye sujada, kunne na amo har Litinin.

Kawun Kuseri: A wajenmu littattafan waƙoƙi na cikin kwali, gara na ci.

Matashin Bishara: Mun sa ranar koyon tsofaffin waƙoƙi, mutum uku suka zo.

Tsohon Malami: Na gode. Amma maganar tafiyata fa?

Mai Ƙararrawa: Matashi, ƙarfe nawa kuka sa koyon waƙoƙin? Da tsakar rana a zafin Afrilu?