Masu kantar kwatz a kicin, ku zo ku ba mu labari

Uwar Biyu:
Salam jama'a. Don Allah waɗanda suka sa kwatz, wato dutsen nan da ake haɗawa a masana'anta, a saman kabad ɗin kicin nake nema, masu girki a kai kullum, ba masu talla ba. An dame ni da zuga wai ya fi giranayit da mabul, ba ya shan tabo ba ya son wani tattali, ni kuma duk abin da aka ce min ba shi da aibu ko ɗaya sai na fara ɗari-ɗari da shi. Fari nake so mai jijiyoyin nan irin na mabul, maigidan kuma ya kafe a kan baƙi wai fari zai nuna datti. Wa ke da gaskiya a cikinmu?

Anti Mai Girki:
Wa'alaikissalam. Ki ce wa maigidan ya yi haƙuri, a wannan karon ke ce da gaskiya. Baƙi ne da ni mai sheƙi kuma wallahi tsumma ba ya barin hannuna, ƙura kaɗan ta sauka kin gani, yaro ya dafa da hannu shatin yatsu biyar ya fito, ruwa ya ɗiga ya bushe sai ki ga farin zobe a wurin musamman gefen famfo. Kyau kam yana da kyau in an goge shi yanzu-yanzu, amma na minti nawa? Ƙanwata nata ruwan toka ne mai ɗige-ɗige, sai ta wuni ba ta goge ba kuma ba mai ganewa. Maganar tabo kuwa ba ƙarya suka yi miki ba, ba ya tsotsar ruwa, duk abin da ya zube a sama yake tsayawa har ki zo da soso.

Mai Sa Kanta:
Hajiya ni aikina ne yankawa da ɗorawa, bari in faɗa miki abin da ke ciki don shi ne zai sa ki gane sauran maganar. Wannan abin ba daga dutse aka fafe shi fallensa guda ba kamar giranayit. Dutsen kwatz ake niƙawa, wani gari wani tsaki-tsaki, ya kai kashi 90 zuwa 93 cikin ɗari, ragowar kuma gam ne da ake kira rezin sai launi, a zuba a inji a matse shi da jijjiga bayan an zuƙe iska sannan a gasa. Kamfanin Breton na Italiya ne ya fito da dabarar, shi ya sa manyan sunaye irin su Caesarstone da Silestone da Cambria duk kusan hanya ɗaya suke bi. To gam ɗin nan shi ne ya toshe duk wata kafa da ruwa zai shiga, shi ya sa ba a shafa masa maganin toshe ƙofofi lokaci-lokaci kamar yadda ake yi wa giranayit, kuma dai shi gam ɗin ne lagonsa. Dutsen ba ruwansa da zafi amma gam ɗin da ruwansa, daga wajen digiri 150 na Selsiyos yake fara canja kala.

Maman Yara:
Malam ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Yarinyata ce ta sauke tukunya daga kan wuta ta dire ta a kai kai tsaye, ba ta ma jima ba aka ɗauke, sai ga wani zobe ruwan ɗorawa daidai gindin tukunyar. Ba irin gogewar da ba a yi ba, yana nan daram, wanda ya zo ya duba ya ce ba datti ba ne, gam ɗin ne ya ƙone a ciki, kuma garanti ba ya ɗaukar lalacewar zafi. Yanzu wani ɗan faranti na ɗora a wurin yana rufa min asiri. Uwar Biyu in kin sa, ki tanadi katako ko abin ɗora tukunya ki ajiye shi dab da murhu ta yadda hannu ba sai ya yi nema ba, kuma ba tukunya kaɗai ba, har na'urorin nan masu zafi ta ƙasa da ake barinsu a kunne awa da awanni.

Mai Sa Kanta:
Haka ne, wani lokacin ma ba ƙuna ba ce, tsagewa yake yi in zafi ya bugi wuri ɗaya farat ɗaya sauran jikin na da sanyi. Yawanci daga kusurwar ramin sinki ko ramin murhu tsagar take tashi.

Yaya Babba:
Ni nawa ya daɗe, kuma in za a sake yi shi zan sake sawa. A da mabul ne da mu, abu mai tsami ya ɗiga kawai sai wurin ya dushe kamar an kankare sheƙin, kwatz bai san wannan ba. Amma akwai abin da ba wanda ya faɗa min sai da na gani da idona: rana. Ɓangaren da ke ƙarƙashin taga, inda hasken rana yake kwanciya kullum, ya ɗan juya zuwa ruwan madara, ba za ki lura ba sai kin ɗaga abin da ya daɗe a ajiye a wurin ki ga ƙarƙashinsa ya fi fari. Ba wani muni ya yi ba, amma wanda yake tunanin sa shi a kicin ɗin waje inda ba rufi ya haƙura kawai, sai dai in irin wanda aka yi musamman don waje ne. Labule mara nauyi ya isa a cikin ɗaki.

Uwar Biyu:
Kai, Allah ya saka. To wanki fa, da me kuke wankewa? Ni mai son bilic ce gaskiya, in ban ji ƙamshinsa ba gani nake ban yi aiki ba.

Anti Mai Girki:
Ƙanwata sai ki rage wannan soyayyar. Ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke na ruwa da tsumma mai laushi, shi ke nan, sai ki bi da busasshen tsumma don in kin bar sabulun ya bushe a kai shi ne yake taruwa ya sa ki ga kamar sheƙin ya mutu alhali dauɗar sabulu ce kawai. Bilic mai ƙarfi in ya kwana a kai yana cin kalar. Maganin wanke oben, na buɗe bututun da ya toshe, tina da na cire fenti, duk ki nesanta su. Soson ƙarfe ma haka. In abu ya bushe ya manne ki jiƙa shi ki sa abin kankara na roba, zai tashi.

Maman Yara:
Ƙari a kan na Anti, masu fari za su riƙa ganin wasu layuka ruwan toka kamar an ja fensir. Na ɗauka karcewa ce hankalina ya tashi, ashe gindin tukunyar alminiyam ne yake gogewa ya bar shati saboda kantar ta fi shi tauri. Sabulun gogewa mai laushi irin na ruwa yana fitar da shi. Wuƙa ma kar ki yi yanka a kai, ita ce za ta dakushe, a sa katakon yanka.

Mai Sa Kanta:
Taurin kwatz 7 ne a ma'aunin Mohs mai hawa 10, ya ɗara ƙarfen yawancin wuƙaƙe. Amma tauri daban, jure duka daban, bakin sinki yana ɓantarewa in tukunya mai nauyi ta doke shi, don haka ki ce a ɗan zagaye miki bakin kar a bar shi da kaifi. Kauri iri biyu aka fi samu, santimita 2 da 3. Tunda mai jijiya kike so ki je ki ga fallen gaba ɗaya, kar ki zaɓa daga ɗan guntun samfur, kuma ki tambaya ina mahaɗin zai faɗo, don falle bai fi mita 3 da 'yan kai ba a tsayi, in jijiyar ba ta haɗu a mahaɗin ba kullum idonki a wurin zai tsaya. Sannan mara sheƙi ya fi mai sheƙi riƙe shatin maiƙo da yatsu, mutane suna ɗauka akasin haka ne. A kula kuma da kwatzayit, wannan dutsen Allah ne daga ƙasa, sunan ne kawai ya yi kama.

Injiniya:
Ku gafarce ni zan ɗan karkata maganar, don ni ta ɓangaren masu yankan na san shi. Ƙurar da take tashi in an sa masa giranda a bushe kusan duk silika ce, wato sinadarin da ke cikin dutsen kwatz, tana shiga huhu ta zauna ba ta fita, ta jawo ciwon silikosis wanda ba shi da magani, kuma samari yake kamawa bayan 'yan shekaru kaɗan a aikin. Abin ya kai Ostareliya ta hana ƙerawa da sayarwa da sa irin wannan dutsen daga 1 ga Yulin 2024, ita ce ƙasa ta farko da ta yi haka. Na taɓa shiga wani wurin yanka na tarar da yara fari fat har gashin ido, takunkumin ma ƙyalle ne aka ɗaure a hanci, raina ya ɓaci ƙwarai. Kantar da aka riga aka ɗora ba ta cutar da mai girki, wannan ki kwantar da hankalinki Hajiya. Amma kina da bakin magana a matsayinki na mai ba da aikin, ki tambaya ko da ruwa suke yanka, kuma kar ki yarda a zo a huda ramin sinki a bushe a cikin gidanki.

Mai Sa Kanta:
Injiniya ka biya ni. Mu da ruwa muke yi da injin zuƙar ƙura da takunkumi na gaske, aikin ya fi cin lokaci amma huhu ba shi da safaya.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai jama'a, na nuna wa maigidan na Anti ya yi dariya ya ce to a raba gardama a ɗauki ruwan toka mai haske. Malam Mai Sa Kanta, murhuna na gas ne irin wanda ake nutsawa a cikin kantar, bangon bayansa ma so nake a lulluɓe shi da kwatz ɗin, zai yiwu ko zafin zai taɓa shi?

Mai Sa Kanta:
Zai taɓa shi in ya yi kusa, harshen wutar baya yana lasar bango in an ɗora babbar tukunya. Ki duba takardar murhun, akwai tazarar da suka rubuta a bari, in wurin bai kai ba a sa tayil ko ƙarfe a bayan murhun kawai, sauran bangon a yi miki kwatz ɗin.