'Yan Bama da ake gani a Makka: su ne mutanen ƙasar da kakanninmu suka je yaƙi?

Ɗan Rigasa:
Assalamu alaikum jama'a. Ana shirin bitar maniyyata a unguwarmu, kuma akwai tambayar da take ta dawowa. Mutanen nan da ake kira Burmawi a Makka, su wane ne? An ce ƙasar Bama ta mabiya addinin Buda ce, to yaya aka yi suka yi yawa haka a Makka? Kuma ita ce Bamar da tsofaffin soja suke cewa sun je yaƙi? Masu sani a taimaka, har da yadda ake kiran sunansu, kada mutum ya je ya yi kwaɓa.

Malamin Tarihi, Kawo:
Wa alaikumus salam. Ƙasar ɗaya ce, sojojin da ke mulki a lokacin ne suka mayar da sunanta Myanmar a 1989. Shaidar ma tana nan Kaduna: Dalet da Kalapanzin da muke kiran barikoki da su, sunayen wurare ne a yankin Arakan na yammacin Bama, inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka fafata da Japanawa tsakanin 1943 da 1945. Barikin Chindit na Zariya shi ma daga yaƙin ya samo suna. Abin mamakin shi ne, Burmawin Makka galibinsu daga wannan Arakan ɗin suka fito, wato jihar da yanzu ake kira Rakhine.

Inda ake ruɗewa shi ne ɗaukar 'yan Bama a matsayin ƙabila ɗaya. Gwamnatinsu ta lissafa ƙabilu 135. Bamar su ne mafi rinjaye, kusan kashi biyu cikin uku, sai Shan, Karen, Rakhine, Mon, Chin, Kachin da sauransu. Ƙidayar 2014 ta ba da mutum miliyan 51 da ɗoriya, kusan kashi 88 cikin ɗari mabiya Buda, Kirista wajen kashi 6, Musulmi wajen kashi 4. Musulmin ma ba iri ɗaya ba ne. Akwai Kaman, waɗanda suna cikin jerin 135 ɗin, akwai Panthay masu asali da Sin, akwai 'yan asalin Indiya a Yangon da Mandalay, sannan Rohingya, Musulmin Arakan da galibin Burmawin Makka suka fito daga cikinsu, waɗanda sam ba sa cikin jerin.

Tushen matsalar takarda ce. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1982 ta ce cikakken ɗan ƙasa shi ne wanda ƙabilarsa take zaune a ƙasar kafin 1823, wato kafin Turawan Ingila su fara cinye ta. Sai aka kasa mutane da launin kati: ruwan hoda na cikakken ɗan ƙasa, shuɗi da kore na masu daraja ta biyu da ta uku. A jikin katin ana rubuta ƙabila da addini. Yawancin Rohingya farin kati na wucin gadi aka ba su, shi ma aka soke shi a 2015. Wanda ba shi da kati ba ya samun fasfo, ba ya aikin gwamnati, ko zuwa garin da ke maƙwabtaka sai da takardar izini. Shi ya sa suke ta fita rukuni-rukuni: 1978, 1991 zuwa 1992, 2012, sai babbar fitar watan Agustan 2017 da sama da mutum 700,000 suka tsallaka Bangaladesh, zuwa sansanonin Cox's Bazar. A kan wannan ne Gambiya ta kai ƙarar Myanmar kotun duniya ta Hague a Nuwamban 2019.

Na Makka kuwa da yawansu can aka haife su, har da iyayensu, kamar dai Hausawanmu da suka daɗe a can. Unguwar Nakkasa ta yi suna da su. A 2013 Saudiyya ta fara ba su iƙama ta shekara huɗu kyauta. Larabcinsu ya fi na yawancin alhazanmu nesa ba kusa ba.

Hajiya Mai Biza, Unguwar Rimi:
Malam ya gama magana a kan tarihi, Allah ya ƙara sani. Bari in ɗauki batun suna, don nan ne masu cike fom suke shan wahala.

Bamar ba su da sunan iyali. Ɗa ba ya ɗaukar sunan uba, mace ba ta ɗaukar na miji. In ka ga Khin Maung Win, suna ɗaya ne mai gaɓa uku, ba a yanka shi. Kiran mutumin "Mista Win" kuskure ne, kamar a kira Abdullahi da "Lahi". Matsalar tana tasowa ne in fom ya nace sai an cike gurbin sunan mahaifi: wani ma'aikaci ya sa gaɓar ƙarshe, wani ya maimaita sunan gaba ɗaya, sai tikiti ya saɓa da biza, a tsayar da mutum a filin jirgi. Abin yi shi ne a kwafe daidai yadda yake a layuka biyun nan na ƙasan shafin fasfo, kuma a yi amfani da tsari ɗaya a duk takardun.

Sai kalmomin girmamawa da ake sa wa a gaba. U, ana furta shi "uu", na babban namiji ne, kamar mu ce Malam ko Alhaji. Daw na babbar mace. Ko na namiji sa'anka ko wanda ya ɗan girme ka, Ma na budurwa ko mace sa'arka, Maung na yaro, Saya na malami. U Thant da ya riƙe Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1961 zuwa 1971, sunansa Thant ne kawai. Kada a shigar da U ko Daw cikin gurbin suna sai in fasfon ne ya zo da shi.

Wani abin da zai burge Bahaushe: su ma suna da sunan rana, irin Ɗanladi da Talatu, sai dai su harafin farko ne yake nunawa. Haihuwar Litinin ka ji Kyaw ko Khin, Talata San ko Zaw, Alhamis Myint, Juma'a Than ko Thein, Asabar Tin ko Naing, Lahadi Aung ko Aye. Laraba kuma biyu suke raba ta, safe daban yamma daban, sai makonsu ya zama kwana takwas a lissafin taurari.

Amma Ɗan Rigasa, duk wannan bai shafi na Makka ba. Rohingya sunayen Musulunci gare su, Muhammad, Nur, Fatima, kuma harshensu ya fi kusa da na mutanen Chittagong. Gaisuwar "mingalaba" da ake koyo a intanet ta Bamar ce. Ka yi musu sallama kawai. Kuma kada a kira su Bangali, don da wannan sunan ne hukumomin ƙasarsu suke nuna cewa baƙi ne.

Ɗan Rigasa:
Na gode Hajiya. To me ya sa wasunsu suke riƙe da fasfon Bangaladesh ko Pakistan?

Malamin Tarihi, Kawo:
Don ƙasarsu ba ta ba su nata ba. Da na ƙasashen da suka fara sauka suka shigo Saudiyya. Ranar sabuntawa kuma rigima take tashi, ƙasar ta ce ba 'yan ƙasarta ba ne.

Na Bakin Kasuwa:
Akwai rukuni na biyu da ba a taɓo ba, kuma sun fi yawa: masu fita neman kuɗi. Miliyoyi ne a Tailan, a masana'antun kifi na Mahachai da ɗinki na Mae Sot, sai Maleshiya da Singafo. Chin da Karen da yawa Kirista ne, an tsugunar da su Amurka a matsayin 'yan gudun hijira, musamman Indianapolis da Fort Wayne. Fitar ta ƙaru bayan juyin mulkin 1 ga Fabrairun 2021, ta sake ƙaruwa a Fabrairun 2024 da aka tayar da dokar shiga soja dole, maza daga shekara 18 zuwa 35, mata 18 zuwa 27.

Yadda suke aika kuɗi gida ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san canji. Hundi suke ce masa. Ma'aikaci ya ba dillali baht, kuɗin Tailan, dillali ya kira abokin hulɗarsa a gida, a biya iyali da kyat, kuɗin Bama, hannu da hannu ko ta manhajar waya irin KBZPay ko Wave Money, dillalan su daidaita tsakaninsu daga baya da kaya ko zinariya. Dalilin guje wa banki farashi ne: babban bankinsu ya tsayar da dala a kyat 2,100 a 2022, alhali a kasuwa ta haura 4,000 a 2024. Ganin ana guje wa banki, gwamnatin soja ta wajabta a 2023 cewa ma'aikaci ya turo kashi 25 na albashinsa ta hanyar da ta amince da ita, in ya ƙi ya gamu da cikas wajen sabunta takardu. Haɗarin hundi kuwa ba rasit, in dillali ya gudu ko aka rufe asusunsa, shi ke nan.

Sai gargaɗi ga samarinmu, tunda zancen ya zo. Tallan aikin kwamfuta ko kula da kwastoma "a Tailan", albashi da dala, tikiti kyauta, a yi hattara. Ana ɗaukar mutum daga filin jirgin Bankok, a yi tafiyar awa bakwai zuwa takwas a mota har Mae Sot, a tsallaka da shi kogin Moei cikin kwalekwale zuwa Myawaddy ta Bama, a karɓe fasfo, a sa shi damfarar mutane ta intanet cikin gida mai katanga da masu gadi. 'Yan Afirka da dama sun faɗa, har da 'yan Najeriya. Alamun su ne bizar yawon buɗe ido maimakon ta aiki, ganawa ta Telegram kaɗai, gwajin saurin buga rubutu da Turanci, da kamfanin da ba ya ba da adireshin ofis. In direba ya fita daga Bankok ya miƙa arewa maso yamma alhali an ce aikin a cikin birni yake, a sauka a shingen 'yan sanda na farko.