Na'urar duba jini da fitsari marar gilashi: shin za ta yi aiki a ƙananan asibitocinmu?

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Aboabo: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Na ji ana maganar wata na'urar ganin ƙwayoyin cuta wadda ba ta da gilashin ƙara girma ko ɗaya. Yaya take aiki, kuma shin za ta iya maye gurbin wadda muke gwajin zazzaɓin cizon sauro da ita a nan Kumasi?

Ɗalibar injiniya, jami'ar KNUST ta Kumasi: Wa alaikumus salam, Malam. Ana ɗora jinin ko fitsarin dab da ƙaramin faifan ɗaukar hoto irin na cikin wayar salula, a haska shi daga sama da fitilar LED, sai faifan ya ɗauki inuwar da ƙwayoyin suka yi, kwamfuta kuma ta yi lissafi ta mayar da inuwar hoto bayyananne. Tushen dabarar aikin masanin kimiyya Dennis Gabor ne na 1948, sannan Farfesa Aydogan Ozcan na jami'ar UCLA a Amurka da abokan aikinsa suka nuna irin wannan na'ura mai nauyin giram 46 a 2010. Babbar fa'idarta ita ce faɗin gani, domin duk girman faifan ake duba wa lokaci guda.

Tsohon ma'aikacin lafiya, Asawase: Ɗana, ga zazzaɓin cizon sauro ina ba ka shawarar haƙuri. Ƙwayar cutar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, tana ɓoye a cikin jajayen ƙwayoyin jini, kuma idan jinin da aka shafa ya yi kauri, inuwoyin sukan hau kan juna har lissafin ya rikice. Inda nake ganin amfaninta shi ne tsargiya, wadda ta yaɗu a garuruwan bakin tafkin Volta bayan gina madatsar Akosombo. Ƙwan tsutsar da ke haddasa tsargiya, wanda ke fita a fitsari, babba ne, yana da ƙaya a ƙarshensa, kuma tunda a wasu yaran ƙwayayen ba su da yawa, faɗin ganin nan zai rage wahalar nema. Ga shi kuma batir ya ishe ta idan aka ɗauke wuta.

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Aboabo: Na gode, Baba. Ke nan sai mu riƙe rinin Giemsa, wanda muke rina jini da shi kafin mu duba a na'ura mai gilashi, da gwajin gaggawa na zazzaɓin cizon sauro tukuna, har a gwada na'urar da samfuran marasa lafiyarmu, hukumar kula da abinci da magunguna ta Gana (FDA) kuma ta amince da ita.