Wai mai ciwon hanta jijiyarsa ba ta toshewa? Muhawara a zauren 'yan unguwar Aboabo, Kumasi

Alhaji Tanko: Jama'a, likita ya ce in fara shan maganin rage kitsen jini, ni da nake fama da ciwon hanta nau'in B tun ina saurayi. Ai hanta ce ke ƙera kolestarol, wato kitsen jinin. Hantar da ta gaji me za ta ƙera? Mai ciwon hanta jijiyarsa ba ta toshewa, kowa ya sani.

Hajiya Rakiya: Kowa wa, Alhaji? Yayana ko kusa da giya bai taɓa zuwa ba, aka yi masa hoto a asibitin Komfo Anokye aka ce kitse ya lulluɓe hantarsa. Muna ta fargabar hanta, ashe zuciya ce ajalinsa.

Alhaji Tanko: Allah ya jiƙansa. Amma nasa kitse ne, nawa ƙwayar cuta.

Mariya Nas: Kawu, maganarka tana da asali, sai dai ta tsufa. Idan hanta ta ƙandare sosai, kolestarol yakan sauka, har hawan jini ma ya yi ƙasa, shi ya sa likitocin zamanin da suka ɗauka kariya ce. Wannan kuwa hanta ce da ta kusa ajiye aiki, ba abin so ba. Shi kitsen hanta tare yake tafiya da suga, hawan jini da teɓa. Hantar tana ƙara zuba maiƙo cikin jini, bangon jijiya ya yi ta kauri yana tauri. Masu shi ciwon zuciya ya fi kashe su, ba hantar ba. A 2023 ma aka sauya masa suna zuwa MASLD don a nuna wannan dangantaka. Nau'in C shi ma an ga yana tafiya da kaurin jijiyoyin wuya. Kuma mai B yana iya tara kitse a kan B ɗin, Kawu, na ga tumbinka ranar suna.

Malam Sani: A sha sassaƙe a huta da duk wannan.

Hajiya Rakiya: Sassaƙen da ba a san awonsa ba, hantar ce dai za ta tace shi, Malam.

Alhaji Tanko: To shi maganin ba ya cin hanta? Haka na ji a Asawase.

Mariya Nas: In dai hanta tana aikinta, akan ba da shi, a riƙa duba jini. Wanda tasa ta kai ga kumburin ciki ko shawara, lissafinsa daban. Ka kai masa takardun awonka duka.

Alhaji Tanko: Litinin zan koma. Amma in ya taɓa mini tsiren dare, sai mun sake zama.