Neman Kalmar Hausa: Me Za Mu Kira "Raƙaba"?

Malam Habu: Assalamu alaikum, malamai. Ina rubutu kan jaridun Larabci na farko, sai na ci karo da kalmar da Larabawa ke kira raƙaba, wato ikon da hukuma ke da shi na duba abin da za a buga kafin ya isa hannun jama'a. A Bairut, zamanin Sarkin Daular Usmaniyya Abdulhamid na Biyu (1876 zuwa 1909), jami'in da ke wannan aiki ana ce masa maktubji, kuma dole ne edita ya kai masa shafukansa ya sa hannu kafin a kai su maɗaba'a. Na rubuta "tacewa", ganin muna da Hukumar Tace Finafinai a Kano, amma raina bai kwanta ba.

Malama Rabi: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ya hana ranka kwanciya, a ganina, shi ne kalmar tana wanke mai aikin. Wadda ta tace gasara dusa ta zubar, kowa kuma ya yaba mata. Shi kuwa maktubji sau da yawa gasarar yake zubarwa, tunda kalmomi irin su juyin juya hali da tsarin mulki, har da sunan Murad, yayan Abdulhamid wanda aka tuɓe daga sarauta kafin shi, suna cikin abin da ake gudun bugawa. Matsin nan yana daga cikin dalilan da suka sa mujallar Al-Muƙtataf, wadda aka kafa a Bairut a 1876, ta koma Alƙahira. Ni na fi son "takunkumi".

Malam Habu: Na yi tunaninsa, Malama, sai dai takunkumi baki yake rufewa gaba ɗaya. Ya dace da Yaƙub Sannu, mai jaridar barkwanci Abu Nazzara, wanda Khedibi Isma'il, mai mulkin Masar, ya kora daga ƙasar a 1878 ya ci gaba da bugawa daga Faris, ya kuma dace da jaridar Al-Urwatul Wusƙa ta malamai Jamaluddin Afgani da Muhammad Abduh, wadda Ingila ta hana shigarta Masar da Indiya a 1884, ta tsaya bayan fitowa 18. Jaridar Bairut kuwa tana fitowa, layuka ne kawai ake cire mata.

Alhaji Sule: Ku gafarce ni, malamai, ashe abu biyu kuke wa neman suna ɗaya. Hana jarida fitowa ko shiga ƙasa, wannan takunkumi ne, babu gardama. Dubawa kafin bugu kuwa a bar ta a tacewa, domin kunnen mutane ya riga ya saba, amma a ce "tacewar hukuma" don mai karatu ya san hannun wa ke riƙe da matatar. Shi maktubji a bar masa sunansa sau ɗaya, daga nan a ce "mai tace jaridu".

Malama Rabi: Na yarda da rabon, Alhaji, ko da yake har yanzu ina ganin an yi wa maktubji sassauci. Malam Habu, gwada ta a jimla mu ji.

Malam Habu: "A watan Yulin 1908, da aka dawo da tsarin mulki, jaridun Istanbul suka fito ba tare da tacewar hukuma ba." Ta zauna, da ita zan tafi.