Ta yaya zan gane muryar Allah ce ba son raina ba?

Ɗan_Kwaya: Salama gare ku 'yan'uwa. Dan Allah ina neman shawara, tun ina yi wa Fada, wato firist ɗinmu na Katolika, hidima a bagadi zuciyata ke ja na zuwa seminari, makarantar horar da masu son zama Fada da ba sa yin aure, yanzu kuma akwai yarinyar da muke maganar aure da ita kuma ina sonta tsakani da Allah. Ina rosari ina zuwa Misa amma abin sai ƙara rikicewa yake. Wanne ne kiran Allah a ciki?

MamanTagwaye: Ɗana kwantar da hankalinka, aure sakramenti ne, wato tsattsarkar alama ta alherin Allah a Coci, zama Fada ma sakramenti ne, ba zaɓi tsakanin alheri da zunubi kake ba. Amma kar ka bar yarinyar mutane cikin duhu, ka gaya mata gaskiyar abin da ke ranka.

Katekis_B: Waliyyi Ignatius na Loyola ya yi magana kan irin wannan sosai. A 1521 aka ji masa rauni a ƙafa a yaƙin Pamplona a ƙasar Sifen lokacin yana soja, yana kwance yana jinya sai ya lura in ya yi tunanin suna da jarumta yakan ji daɗi amma daga baya zuciyarsa ta bushe, in kuma ya yi tunanin bin sawun waliyyai kwanciyar ran ba ta gushewa ko bayan tunanin ya wuce. To kai ma kowane dare ka zauna gaban Ubangiji ka bi ranarka daki-daki, wane tunani ne ya bar maka salama da ƙarin ƙauna, wanne ya bar maka tsoro da ƙunci, ka riƙa rubutawa. Kuma ya ja kunne ƙwarai, lokacin da zuciya take cikin duhu da bushewa kar mutum ya canza shawarar da ya yanke tun yana cikin haske, ya jira tukuna.

Ɗan_Kwaya: Nagode Baba. To in na ji salama a duka biyun fa?

Katekis_B: Yakan faru. Ignatius ya ce ka ɗauka wani ne da ba ka sani ba ya kawo maka wannan damuwar, me za ka ce masa? Ko ka ga kanka a gadon mutuwa, wanne za ka so ace ka zaɓa? Amma gsky ka nemi Fada ko Sista mai hankali da zai riƙa zama da kai akai-akai, mu a nan rubutunka kawai muke gani. Shiga seminari ma ba naɗin zama Fada ba ne, shekaru ake ana gwada kiran kafin a kai can.